Adabin Mormon a Duniya: Masu Karatu Sun Bazu, Alƙalami Yana Utah

A watan Fabrairun 1996 ɗarikar Kiristan nan da aka fi sani da Mormon ta sanar cewa mabiyanta da ke wajen Amurka sun fi na cikinta yawa. Yau adadinsu a rubuce ya haura miliyan 17. Bayan Amurka, Meziko da Brazil da Filifin ne ke kan gaba; Najeriya tana da sama da 200,000, Ghana kuma sama da 100,000. Amma duk wanda ya ɗauki jerin littattafan da ake kira adabin Mormon, wato ƙagaggun labarai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo da tarihin rayuwa da 'yan ɗarikar suka rubuta game da kansu, zai tarar kusan dukansu da Turanci suke, kuma akasarin marubutan daga jihar Utah da maƙwabtanta suka fito. Jama'a ta koma wani wuri, labarinta yana nan inda aka bar shi. Yadda aka yi haka, da abin da ya jawo, shi ne abin dubawa, kuma babban ɓangare na labarin a nan Afirka ta Yamma ya faru.

Ga wanda bai san su ba: cikakken sunansu Ikilisiyar Yesu Kiristi ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, kuma tun 2018 shugabanninsu ke roƙon a riƙa kiransu da shi maimakon Mormon, ko da yake masu nazarin adabi har yanzu da tsohon sunan suke aiki. Joseph Smith ne ya kafa ɗarikar a jihar New York ranar 6 ga Afrilu, 1830, 'yan kwanaki bayan an buga kwafi 5,000 na Littafin Mormon a garin Palmyra. Smith ya ce mala'ika ne ya nuna masa wasu allunan zinariya, shi kuma ya fassara su da ikon Allah. Littafin yana ba da labarin wani iyali da ya bar Urushalima wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu ya haye teku zuwa nahiyar Amurka, zuriyarsa ta rabu biyu, Nifayawa da Lamanawa, suka yi ta yaƙi. Musulmi ba su yarda da annabcin Smith ba, manyan ɗarikun Kirista ma haka, kuma masu binciken kayan tarihi a wajen cocin ba su karɓi labarin a matsayin abin da ya auku ba. Wannan muhawara ce ta daban. Abin da ya shafe mu shi ne al'umma ce da littafi ya haifa, wadda tun ranar kafuwarta aka umarce ta da ta riƙa ajiye tarihinta a rubuce. Shi ya sa rubuta littafin rayuwa na yau da kullum ya zama kamar ibada a wurinsu. Wilford Woodruff, shugabansu na huɗu, ya yi sama da shekara 60 yana rubuta nasa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ɗarikar ta fara magana da harsuna da yawa tun tana jaririya. A 1840 ta buɗe mujallar Millennial Star a Manchester ta Ingila. A 1846 wani matuƙin jirgin ruwa, Dan Jones, ya fara buga mujalla da harshen Welsh, wadda ita ce ta farko da ba ta Turanci ba. An fassara Littafin Mormon zuwa harshen Denmak a 1851, shekara ta gaba aka fitar da shi da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Welsh, sannan a 1855 na harshen Hawai ya fito, aikin da George Q. Cannon ya yi tare da wani alƙali ɗan ƙasa, Jonathan Napela. A wajen 1850 mabiyan da ke Birtaniya sun fi na Amurka yawa. Mutanen Wales sun zo da al'adarsu ta rera waƙa tare, kuma daga cikinsu ne aka ɗora harsashin shahararriyar ƙungiyar mawaƙan nan ta Salt Lake, birnin da hedikwatar cocin take a jihar Utah.

To me ya cinye waɗannan harsuna? Hijira. Koyarwar wancan zamani ita ce duk wanda ya tuba ya tattara nasa ya nasa ya koma Sihiyona, wato inda cocin yake. Bayan an kashe Smith a kurkukun Carthage a 1844, magajinsa Brigham Young ya ja jama'a zuwa kwarin Salt Lake, suka isa a watan Yulin 1847. Aka kafa asusun rance a 1849 don kwaso talakawan Turai. Tsakanin 1856 da 1860 wasu ayarai goma sun ratsa daji da duwatsu a ƙafa suna tura kayansu a kura, kuma a ayarai biyu na 1856 sama da mutum 200 suka mutu saboda sanyi da yunwa. Wanda ya iso, ɗansa Turanci zai yi, jikansa kuwa sunan kakan kaɗai zai gada. Nephi Anderson, wanda littafinsa Added Upon na 1898 ya fi kowane ƙagaggen labari na zamaninsa karɓuwa a cikin ɗarikar, a Norway aka haife shi, amma da Turanci ya yi rubutu. Ta haka tafiyar nan ta hamada ta zama uwar labarai, abin da kowane mabiyi yake gada ko da kakanninsa ba su taɓa ganin ƙanƙara ba. Har yau ana samun matasa a ƙasashe masu nisa suna sa tufafin ƙarni na 19 suna tura kura don kwaikwayon wahalar magabatan.

A 1888 wani malaminsu, Orson F. Whitney, ya yi kira da a samar da abin da ya kira adabin gida, ya kuma yi alkawarin cewa wata rana za su sami nasu Milton da nasu Shakespeare, wato manyan marubutan Turanci. Abin da ya biyo baya galibi labarai ne na wa'azi, inda nagari ke cin riba, mai saɓo ya yi nadama. Sai a shekarun 1930 da 1940 aka sami marubuta irin su Vardis Fisher da Maurine Whipple da Virginia Sorensen, waɗanda kamfanonin New York da Boston suka buga, suka taɓa batun auren mace fiye da ɗaya da cocin ya yi a da, da zafinsa a zukatan mata, jama'arsu kuma ta yi musu kallon masu tonon asiri. Daga 1966, da aka kafa mujallar Dialogue, da 1976, da aka kafa ƙungiyar marubutan Mormon, an sami masu ƙoƙarin haɗa imani da faɗin gaskiya. A yau sunayen da duniya ta sani su ne Orson Scott Card da Stephenie Meyer da Brandon Sanderson, wanda a 2022 masu karatu suka tara masa sama da dala miliyan 41 ta intanet don ya buga littattafai huɗu. Ana fassara su zuwa harsuna barkatai. Sai dai labaran duniyoyin ƙage suke rubutawa, mai karatu a Istanbul ko Seoul zai gama littafin bai san addinin marubucin ba. Card ya yi aikin mishan a Brazil, Sanderson a Koriya ta Kudu, kuma wannan shi ne salon da aka saba: ɗan Amurka ya je, ya koyi harshe, ya dawo, ya rubuta. Ko labaran da ke faruwa a ƙasashen waje, mafi yawansu labarin saurayi ɗan mishan ne mai farar riga da lakataye, mutanen ƙasar kuwa su ne ƙofofin da yake ƙwanƙwasawa.

Dalili na biyu tsari ne na ofis. Da cocin ya daina kiran mutane su yi hijira, ya ce kowa ya gina Sihiyona a ƙasarsa, sai shugabanni suka ji tsoron kada koyarwa ta rarrabu. Daga 1961, ƙarƙashin jagorancin Harold B. Lee, aka fara tsarin daidaita komai: littafin darasi ɗaya, a rubuta shi a Salt Lake, kwamiti ya tace, a fassara, a aika ko'ina. Mujallun da ofisoshin mishan na ƙasashe ke fitarwa da kansu aka haɗe su wuri guda a ƙarshen shekarun 1960, aka bar wa labaran gida 'yan shafuka. Mujallar ƙungiyar mata, wadda ta yi shekaru tana buga waƙoƙi da gajerun labarai na matan talakawa, an rufe ta a 1970. Tsarin yana da amfaninsa, dole a faɗa. Bafilifine zai shiga majami'a a Accra ya tarar da darasin da ya baro a gida, kuma 'yan ɗarikar suna alfahari da hakan. Kuɗin da aka biya shi ne rubutu ya zama mai tafiya hanya ɗaya. Ana fassara daga Turanci zuwa harsuna sama da 100, da wuya a fassara wani abu daga waɗannan harsuna zuwa Turanci.

Akwai wanda ya gwada mayar da martani tun da wuri, kuma abin da ya same shi darasi ne. Margarito Bautista ɗan ƙabilar Nahua ne daga Meziko. Ya karanta Littafin Mormon ya ga an ce Lamanawa zuriyar Isra'ila ne kuma an yi musu alkawarin ɗaukaka a ƙarshen zamani. 'Yan mishan sun koya masa cewa mutanensa ne Lamanawan. Sai ya ɗauki maganar da gaske. A tsakiyar shekarun 1930 ya wallafa wani ƙaton littafi da Sifaniyanci, La evolución de México, yana cewa in haka ne, 'yan asalin nahiyar su ne magada, fararen fata kuwa baƙi ne da aka ba riƙon ƙwarya. Hukumar cocin ta ƙi amincewa da littafin. A 1936 wani babban kaso na mabiyan Meziko suka yi taro suka nemi a naɗa musu shugaban mishan ɗan ƙasarsu na jini, aka ƙi, suka ɓalle har shekara 10, sai a 1946 shugaban cocin George Albert Smith ya je da kansa aka sasanta. Bautista bai dawo ba. Ya kafa tasa al'ummar a Ozumba, wadda take nan har yau. A ganina wannan shi ne littafi na farko mai nauyi da wani daga wajen Turawa ya rubuta a cikin ɗarikar, kuma ya nuna abin da ke faruwa in mai karatu ya karanta nassi da idon kakanninsa: yakan ga abin da masu kawo littafin ba su gani ba.

Batun launin fata ya fi tsanani a kan baƙaƙe. A zamanin Smith an naɗa 'yan baƙaƙe kaɗan muƙamin firist, kamar Elijah Abel a 1836. A 1852 Brigham Young ya bayyana a fili cewa an haramta wa duk mai jinin Afirka wannan muƙami. Sai an san tsarin cocin kafin a gane girman haramcin. Ba su da fastoci masu albashi a unguwanni. Kusan kowane namiji mai riƙon addini, tun yana ɗan shekara 12 ko kusa da haka, ana naɗa shi firist, kuma da wannan ne yake yin baftisma, ya sa wa 'ya'yansa albarka, ya jagoranci jama'a. Haramcin ya kuma hana baƙaƙe maza da mata shiga haikali, inda ake ɗaura auren da suka yi imani yana ɗorewa har lahira. An yi shekara 126 a haka. Duk da cewa a cikin littafin nasu akwai ayar da ta ce baƙi da fari, bawa da ɗa, namiji da mace, duk ɗaya suke a wurin Allah, akwai kuma wata da ke maganar baƙar fata a matsayin alamar la'ana, kuma ta biyun ce ta yi rinjaye a aikace.

Saboda wannan haramci cocin bai tura 'yan mishan Afirka ta Yamma ba. Abin da ya iso shi ne takarda. Tun shekarun 1950 wasiƙu suka fara zuwa Salt Lake daga kudu maso gabashin Najeriya da kuma Ghana, mutane suna neman a aiko musu da littattafai. Wani ya tsinci ƙasida, wani ya ga labari a mujalla, suka karanta, suka tara jama'a, suka kafa majami'u da sunan ɗarikar, wasu har suka yi rajista da gwamnati, alhali ba wanda ya yi musu baftisma. A 1961 aka turo LaMar Williams ya zo Najeriya ya gani da idonsa, ya tarar da ɗaruruwan mutane suna jira. Aka fara shirin buɗe mishan. Sai wani littafin ya rufe ƙofar da littattafai suka buɗe. Wani ɗalibi ɗan Najeriya a California, Ambrose Chukwu, ya karanta wani ɗan littafi da ke kare haramcin, ya rubuto wa jaridar Nigerian Outlook ta Enugu a 1963 yana gargaɗin kada a bar masu wannan aƙida su shigo. Ƙasar da ta sami 'yanci shekara uku kacal da suka wuce ba za ta yi wasa da irin wannan magana ba, kuma gwamnati ta hana biza. A ƙarshen 1965 aka kira Williams gida, a Janairun 1966 aka yi juyin mulki, a 1967 yaƙin basasa ya ɓarke a daidai yankin da waɗannan majami'u suke.

A cikin yaƙin ne wani malamin makaranta daga yankin Mbaise, Anthony Obinna, yana zaune a gida ba halin fita, ya buɗe wata tsohuwar mujallar Reader's Digest ta 1958 ya ga hoton haikalin Salt Lake. Ya ce ginin da ya taɓa gani a mafarki ne. Bayan yaƙi ya rubuta wasiƙa, aka aiko masa da littattafai, aka ce ya yi haƙuri, babu shirin zuwa. Ya gina ɗakin ibada da danginsa, ya ci gaba da rubuta wasiƙu shekara da shekaru. A Ghana kuwa Joseph William Billy Johnson ya sami Littafin Mormon a 1964 daga hannun R. A. F. Mensah, ya shiga wa'azi, ya koma Cape Coast, ya kafa ikilisiyoyi da dama, har ya raɗa wa ɗansa suna Brigham. Shekara 14 ya yi yana jira. A watan Yunin 1978, da tsakar dare, ya kama BBC a rediyo ya ji cewa shugaban cocin, Spencer W. Kimball, ya sanar da wahayin da ya ɗage haramcin. Cocin a lokacin yana gab da buɗe haikali a São Paulo ta Brazil, ƙasar da ba mai iya rantsuwa a kan wa ke da jinin Afirka wa ba shi da shi, kuma wannan na cikin abubuwan da suka matsa lamba. A watan Nuwamba wasu ma'aurata biyu, iyalan Mabey da Cannon, suka iso. Aka yi wa Obinna baftisma a rafi ranar 21 ga Nuwamba, 1978, Johnson kuma a bakin teku a watan Disamba.

Waɗannan wasiƙu, a wurina, su ne adabin Mormon na Afirka na farko, kuma suna da ƙarfin da yawancin labaran wa'azin Utah ba su da shi. Mutum ne yake roƙon shiga gidan da ya san an rubuta a ƙofarsa cewa irinsa ba ya wuce zaure, yana kuma kafa hujja da littafin masu gidan. Amma a ɗakunan ajiyar tarihi na Utah suke, kuma ta bakin marubutan can aka fi jin su.

Akwai kuma abin da aka rasa bayan 1978, wanda ba a cika faɗa ba. Majami'un da suka kafa kansu suna ibada da ganga da tafi da rawa, suna fassara mafarki, kuma mata suna jagoranci. A Sekondi-Takoradi wata mata, Rebecca Mould, ce ke riƙe da ikilisiya. Da tsarin hukuma ya zo, sai aka ajiye ganga aka kawo fiyano, aka ɗauko littafin waƙoƙi na Turanci, shugabanci ya koma hannun maza masu muƙamin firist. Wasu sun karɓa da murna, suna ganin natsuwar ibadar ita ce ta bambanta su da sauran majami'u. Wasu sun fice. Littafin ƙa'idojin cocin ya daɗe a baya yana fifita fiyano da ogan na majami'a, yana nesanta kayan bugawa daga babban taron Lahadi. Mutumin da aka haifa da kiɗa a jikinsa, aka ce masa Allah ya fi son shiru, yana da labarin da zai bayar, ko ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba.

Daga nan cocin ya yi ta girma. A 1988 aka kafa babbar gundumar coci ta farko a Afirka ta Yamma, a Aba, ƙarƙashin David W. Eka, shugabanninta duka 'yan ƙasa. A Ghana gwamnatin Rawlings ta dakatar da ayyukan ɗarikar tare da na Shaidun Jehobah ranar 14 ga Yuni, 1989, ta kori 'yan mishan na waje, ta rufe majami'u; mabiya suka koma ibada a ɗakunansu har ƙarshen 1990. An buɗe haikalin Accra a 2004, na Aba a 2005, an kuma sanar da gina wasu a Legas da birnin Benin na Najeriya. An fassara Littafin Mormon zuwa Ibo da Yarbanci da Twi da Fante. A 2009 Joseph Sitati na Kenya ya zama baƙar fatan Afirka na farko a cikin manyan shugabanni, a 2020 Adeyinka Ojediran na Najeriya ya shiga sahun. A 2013 cocin ya fitar da bayani yana nesanta kansa daga tsofaffin hujjojin cewa baƙar fata la'ana ce, ko da yake bai kira abin da ya wuce da kuskure kai tsaye ba, kuma wannan rashin yana ci wa baƙaƙen mabiya da dama tuwo a ƙwarya.

Wa ya ba da labarin duk wannan? Labarin Mormon da Afirka da duniya ta fi sani wasan kwaikwayo ne na barkwanci da aka fara a Broadway, dandalin wasannin kwaikwayo na New York, a 2011, wanda waɗanda ba 'yan ɗarikar ba suka rubuta. An ajiye shi a Yuganda, kuma ya mayar da mutanen ƙauyen jahilai masu cuta da ke jiran yaran Amurka. Ya tara maƙudan kuɗi. Abin ya yi mini ciwo, domin a tarihin gaskiya 'yan Afirka ne suka yi karatun, suka rubuta wasiƙun, Amurkawa suka yi jinkiri. Daga cikin gida an yi ƙoƙarin da ya fi wannan mutunci. E. Dale LeBaron ya zaga ƙasashe ya ɗauki muryoyin tubabbun farko ya wallafa a 1990. Margaret Blair Young da Darius Gray sun rubuta littattafai uku a kan baƙaƙen magabatan Amurka irin su Jane Manning James. Fim ɗin Freetown na 2015, wanda aka ɗauka a Ghana, ya ba da labarin 'yan mishan 'yan Laberiya da suka tsere wa yaƙi zuwa Saliyo a 1990, amma daraktan Ba'amurke ne. Waɗanda suka fito daga hannun 'yan ƙasa ba su da yawa. Likitan nan Emmanuel Abu Kissi ya rubuta tarihin cocin a Ghana, Walking in the Sand, a 2004. A Kwango, Tshoper Kabambi ya shirya fim ɗin Heart of Africa da harshen Lingala da Faransanci, inda jarumin ɗan Kwango ne kuma ɗan mishan Ba'amurken shi ne abokin tafiya.

Me ya sa suka yi kaɗan haka? Kasuwa ce ta farko. Babban kamfanin ɗab'i da sayar da littattafan ɗarikar, Deseret Book, mallakar cocin ne, shagunansa a yammacin Amurka suke, kuma masu sayensa suna son abin da suka saba. Marubuci a Uyo ko Kumasi in ya rubuta labarin Mormon, maƙwabtansa da ba 'yan ɗarikar ba ba za su saya ba, 'yan ɗarikar kuma sun saba jiran abin da ya zo da hatimin Salt Lake. Sai lokaci. A cocin da ba shi da ma'aikata masu albashi, duk wanda ya yi ilimi a sabuwar ikilisiya nan da nan za a ɗora masa shugabanci a kan aikinsa na neman abinci, kuma daren da zai yi rubutu a taro zai ƙare. Sai kuma tsoro. Sabon tuba, wanda danginsa ke zargin ya shiga ƙungiyar asiri, ba ya son rubuta abin da maƙiya za su kafa hujja da shi. Marubutan Hausa sun san wannan nauyi, na yadda ake auna labari da ma'aunin wa'azi kafin a auna shi da na fasaha, a tambayi marubuci me ya sa ya nuna aibin mutanensa a gaban baƙi.

Duk da haka abubuwa suna motsi, kuma intanet ce ta buɗe hanya. Masu Sifaniyanci sun fi kowa nisa. Wasu marubuta, ciki har da Gabriel González Núñez ɗan Uruguay da Mario Montani ɗan Ajantina, sun kafa ƙungiyar Cofradía de Letras Mormonas, suna fitar da mujallar El Pregonero de Deseret tun 2018, suna tono tsofaffin marubutan da aka manta suna kuma buga sababbi, ba tare da jiran izinin kowa ba. Gasar gajerun rubuce-rubuce da James da Nicole Goldberg suka fara a 2012 ta shirya zagaye na musamman a 2019 inda aka karɓi labarai da harsuna daban-daban, aka buga su da harshen asali tare da fassarar Turanci, wato an juya akalar fassarar. A tsibiran Pasifik, inda Tonga ta fi kowace ƙasa yawan mabiya in an kwatanta da yawan jama'arta, mawaƙiya Vernice Wineera, 'yar ƙabilar Maori, ta wallafa diwaninta Mahanga tun 1978. Ita ma hukumar cocin a 2018 ta sanar da sabon littafin waƙoƙi na duniya baki ɗaya, ta nemi mabiya su aiko da nasu, dubbai suka aiko, aka fara sakin waƙoƙin kashi-kashi a 2024. Ma'aunin da zan auna shi da shi ɗaya ne: waƙa nawa aka tsara da Twi ko Tagalog ko Lingala da za a sa mutanen Utah su koya.

Kayan labarin kuwa suna nan jibge. Cocin da ya yi auren mata da yawa a fili har zuwa sanarwar Woodruff ta 1890 yau ba ya yi wa mai mata biyu baftisma, don haka akwai dattijon da 'ya'yansa duka suka shiga, shi yana zaune a bencin baya saboda ya ƙi sakin uwar wasu daga cikinsu. Akwai batun kuɗin aure: Dallin H. Oaks, ɗaya daga cikin manyan shugabannin cocin, ya yi wa mabiyan Afirka jawabi a 2010 yana sukar al'adar saboda tana jinkirta aure, kuma saurayin da ya ji wannan jawabi dole ya je ya fuskanci kawunnan yarinya, waɗanda a wurinsu auren da ba a biya komai ba raini ne ga gidansu. Akwai baftismar da ake yi a madadin matattu, wadda ta sa ma'aikatan FamilySearch, sashen binciken zuriya na cocin, ke bin ƙauyukan Ghana da Najeriya suna naɗar sunayen kakanni daga bakin tsofaffi. Ga wanda ya taso a gidan da ake zuba wa kakanni abin sha a ƙasa, wannan koyarwa tana da wani ɗanɗano da ɗan Idaho, maƙwabciyar Utah, ba zai sani ba, kuma akwai tambayar wa ya mallaki sunayen bayan an kwashe su. Sannan a Lahadin farko ta kowane wata, ranar azuminsu, ana buɗe mumbari ga duk mai son magana, mutane su tashi su ba da labarin mafarki da ciwo da bashi da samun sauƙi, da Efik da Ibo da Fante da Turancin kasuwa. Ana yin wannan a ɗaruruwan majami'u daga Calabar zuwa Takoradi, kuma ƙa'idar taron ba ta yarda a naɗi sauti ba, don haka abin da mai magana bai koma gida ya rubuta da hannunsa ba ya tafi ke nan.